Golda Meir da Ranar Kafara

In muka karanta labarin Debora a Littafin Mahukunta sura 4, mukan tuna da Golda Meir, mace ta fari da ta shugabanci Isra'ilar zamani.

An haife ta a Kiev a 1898. Tana yarinya ta ga mahaifinta, kafinta ne, yana toshe ƙofa da katako don tsoron masu kashe Yahudawa. Abin nan bai fita daga zuciyarta ba. Shi ya sa ta ƙudura sai jama'arta sun sami ƙasa. Ta girma a Amurka, ta tafi Falasɗinu a 1921, ta zama Firayim Minista a 1969. Kada mu mai da ita annabiya dai, gama ba mai ibada ba ce.

Ranar Kafara, 6 ga Oktoba 1973, Masar da Siriya suka kawo hari ba zato. Sojojin Isra'ila fiye da 2,500 suka mutu. Kwamitin bincike bai ɗora mata laifi ba, duk da haka ta sauka a 1974. Daga baya ta rubuta cewa zuciyarta ta gargaɗe ta ta kira sojoji tun da wuri, ba ta yi ba, kuma za ta ɗauki nauyin nan har mutuwa. Ta rasu a 1978.