Yadda Ramukan Silika Suka Ƙara Wa NMR Ƙarfin Ji

Tun 1946 da Felix Bloch da Edward Purcell suka buɗe hanyar NMR a Amurka, wato nazarin sinadarai da maganaɗisu, kukan masana bai sauya ba: siginar da cibiyar ƙwayar zarra ke bayarwa a cikin maganaɗisu ba ta da ƙarfi. Wani lokaci sai a kwana ana awo kafin a samu abin karantawa.

A 1953 Albert Overhauser ya ce a ari ƙarfi daga ilektiron, wanda maganaɗisunsa ya ninka na furoton kusan sau 660. Manyan masana sun yi shakka, amma a wannan shekarar Carver da Slichter suka tabbatar da zancen a ƙarfen litiyam. Wannan dabara ce ake kira DNP. A 2003 Ardenkjær-Larsen da abokan aikinsa a Malmo ta Suwidin suka daskarar da samfur cikin matsanancin sanyi, suka harba masa mayikurowef, sannan suka narkar da shi nan take da ruwan zafi. Siginar ta ƙaru fiye da sau 10,000.

Sai dai da sauran rina a kaba. Ilektiron ɗin daga radikal yake zuwa, wato sinadari mai ilektiron guda marar abokin zama, irin su TEMPO. Da zarar an narkar, radikal ɗin da ya ba da ƙarfin shi ne kuma ke saurin cinye shi, ga shi idan za a yi amfani da samfurin a asibiti ba a son radikal ya bi allura zuwa jikin majinyaci.

Maganin ya fito daga wani fanni daban. Kamfanin mai na Mobil ya fitar da MCM-41 a 1992, Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta biyo da SBA-15 a 1998. Dukansu silika ne, sinadarin yashi, mai jerin ramuka ƙanana kamar saƙar zuma. A 2013 da 2014 masu bincike a Liyon ta Faransa da Suwizalan, cikinsu har da Chloé Thieuleux da Lyndon Emsley, suka ɗaure radikal a bangon ramukan, kowanne nesa da ɗan'uwansa, suka sa wa wannan garin silika suna HYPSO. Ruwan samfur ya cika ramukan, ya karɓi ƙarfi, a tace shi ya fito tsaf, radikal yana nan manne da silika.

A ganina wannan tacewar ta cancanci yabo kamar ƙarin siginar kanta, domin ƙarfin da ake samu cikin 'yan mintuna yake gushewa, kuma ruwa mai tsabta kaɗai likita zai yarda ya sa wa mai ciwon daji.