Bauchin Yakubu: Wuraren da Matafiyi Kan Wuce Bai Sani Ba

Duk lokacin da aka ambaci Bauchi a zancen yawon buɗe ido, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Yankari da giwayenta. 'Yan'uwanmu da yawa da kan je gida hutun Salla, in sun yi niyyar kai yara can, sai su ratsa birnin Bauchi a guje, su sha mai, su miƙe hanyar Gombe, ba su san abin da suka bari a baya ba. To, Yankari ta cancanci zuwa, za mu kuma zo kanta. Amma ƙasar Bauchi, tun daga cikin birni har dazuzzukan da ke kewaye da shi, cike take da alamun mutanen da suka zauna a wurin, wasu a jikin dutse, wasu kuma na ginin ƙasa. Na dutsen suna nan, ba inda za su. Na ƙasar su ne abin ji, domin kowace damina sai ta tafi da rabonta.

Bari mu fara da mai garin. Malam Yakubu ɗan Dadi mutumin Gerawa ne, tun yana yaro aka kai shi karatu wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kuma daɗe a hannunsa. Da jihadi ya tashi aka ba shi tuta, shi ne kuwa aka fi sani a cikin manyan masu tuta da cewa ba Bafulatani ba ne. Ya fara zama a Inkil, sannan a shekarar 1809 ya matso wannan fili da duwatsu suka yi wa ƙawanya, ya kafa birni. Abin da aka gada a baka shi ne, ya tarar da wani maharbi mai suna Baushe a wurin, daga sunansa aka sami Bauchi. Sai dai masana tarihi sun lura cewa tun kafin Yakubu, Hausawa kan kira yankunan da ke kudu da ƙasar Hausa “ƙasashen Bauchi”, wato inda ake zuwa fatauci, ake kuma zuwa kamun bayi. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi masa amfani in mun isa kogunan dutsen Yankari.

Yakubu ya kewaye garinsa da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita goma da rabi. Ba don ado aka yi ta ba. Mutumin da ya tare rundunar Shehun Borno Muhammadu Al-Kanemi a Fake cikin 1827, lokacin da ta doshi Kano, ya san amfanin katanga. Har ya rasu a 1845 sunansa da na garin sun zama ɗaya, shi ya sa Turawan da suka biyo ta nan, irin su Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, taswirorin zamaninsu suka riƙa rubuta garin da sunan Yakoba.

Yau fa? Wanda ya je neman ganuwar Bauchi, sunayen ƙofofi zai fi samu: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Wase da sauransu. Mai acaɓa zai kai ka kowace daga cikinsu ba tare da tambaya ba, amma katangar da ta haɗa su akasarinta ta kwanta, gidaje sun hau kanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ganuwa aikin gayya ce, bayan kowace damina ake fitowa a yi mata yaɓe, kowace unguwa da ɓangarenta. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902 suka tuɓe Sarki Umaru, yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare, sai gayyar ma ta mutu. Ruwa ya ci nasa, masu neman ƙasar tubali suka ci nasu, masu neman fili suka ƙarasa. Ƙofofin da aka sake ginawa da siminti suna da kyan gani, babu laifi, amma yaro ba zai gane daga gare su yadda garu mai kauri yake ba. In kun ci karo da guntun tsohon garun a wani lungu, ku tsaya ku nuna wa yara, su taɓa da hannunsu.

Wanda yake son ganin abin da maginan da suka iya yi da ƙasa, sai ya ɗauki hanyar Ningi, ya yi tafiyar kimanin kilomita 45 arewa da Bauchi zuwa Kafin Madaki, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. Sunan garin kansa labari ne. Kafi shi ne sansanin da aka kange don tsaro, Madaki kuwa babban sarkin yaƙi ne. Bayan rasuwar Yakubu, a zamanin ɗansa Ibrahim, mutanen duwatsun Ningi ƙarƙashin malaman da suka yi ƙaura daga ƙasar Kano sun hana Bauchi sakat shekara da shekaru, dole aka riƙa kafa garuruwan ribaɗi ta wannan fuska. A nan ne gidan Madakin Bauchi yake, wanda aka gina wajen 1860, ake kuma danganta shi da Muhammadu Durugu, wato Babban Gwani, maginin nan da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Har ginin ma Babban Gwani ake ce masa.

In ka shiga soron, ɗaga kanka sama. Babu ƙarfe, babu siminti, babu ƙusa. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, aka jera ta gaɓa-gaɓa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bakan ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Da haka ake samun ɗaki mai faɗi ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Ga sanyi da rana, ga ɗumi da hunturu. A watan Fabrairun 1956 gwamnati ta sa wannan gida cikin kayan tarihin ƙasa, yana cikin rukunin farko da aka yi wa haka a duk Nijeriya. Ni a ganina, in mutum yana da wuni ɗaya tak a Bauchi, gara ya rasa giwa da ya rasa wannan soro, don giwa akwai ta a wasu ƙasashen, aikin Babban Gwani kuwa 'yan kaɗan ne suka rage a duniya.

Mu dawo cikin gari. Kusa da Ƙofar Ran kabarin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, Firayim Ministan Nijeriya na farko kuma na ƙarshe, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, aka kawo gawarsa gida aka binne. An buɗe ginin da ya kewaye kabarin a 1979. Wanda ya tsara shi ya yi tunani: za ka shiga ta wani dogon lungu mai duhu, wanda masu kula da wurin kan ce yana nufin zamanin mulkin mallaka, haske na ɗan ratsowa kaɗan-kaɗan, sai ka fito wani fili marar rufi, ga kabarin nan a tsakiya, ba ado ba ƙyale-ƙyale. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye hotunansa da wasu kayan amfaninsa. Yaran da suka san fuskarsa a jikin takardar naira biyar kawai, a nan za su san cewa malamin makaranta ne. A Midil ta Bauchi ya koyar, inda Malam Aminu Kano ma ya koyar, kuma a garin nan ne su biyu da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa zaman tattauna al'amuran jama'a a farkon shekarun 1940, tun siyasar jam'iyyu ba ta kankama a Arewa ba. Littafinsa Shaihu Umar, wanda ya fito daga gasar rubutun 1933, labarin bauta ne da raba uwa da ɗa, malamin da ke ba da labarin kuwa a Rauta yake zaune, garin ribaɗin nan na ƙasar Bauchi da ya taɓa zama mazaunin sarki.

Abubuwan dutse kuwa sun girmi Yakubu nesa ba kusa ba. A Shadawanka, nan gefen gari, da kuma Geji a Ƙaramar Hukumar Toro, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, yawanci siffofin shanu da namun daji. A Geji har Dutsen Zane ake kiran wurin. Ga mai tahowa daga Jos, akwai tarin duwatsun Panshanu da ake kira Kwandon Kaya, wanda ake dangantawa da yaƙe-yaƙen Yakubu, da kuma alamar da Turawan haƙar kuza suka fara kafawa a Tilden Fulani. Waɗannan ba su cin lokaci, amma a nemi ɗan gari ya yi jagora, don ba kowanne ne ke da allo a bakin hanya ba.

To, sai Yankari. Daga Bauchi za ka bi hanyar Gombe, ka karya dama a Dindima, ka shiga ƙasar Alkaleri har ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Akwai giwaye, waɗanda ke cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar nan, akwai ɓauna da gwanki da gwambaza da dorina da kada, zakoki kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, wanda ya ga ɗaya ya yi sa'a. Mafarauta da masu neman haure sun yi wa dajin illa ba kaɗan ba, ma'aikatan gandun da dama sun rasa rayukansu wajen tsaronsa.

Maɓuɓɓugar Wikki ita ce amaryar wurin. Ruwa ne garai-garai yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana zubar da kimanin lita miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji. Kana tsaye a ciki kana ganin yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Abin da akasarin maziyarta ba su tambaya shi ne, shin wannan daji haka yake tun fil azal, ba kowa sai dabbobi? Ko kusa. Ka ce wa mai yi maka jagora ya kai ka kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka fafe da hannu a jikin dutse, kowanne da ƙaramar ƙofa zagayayya da sai an sunkuya ake shiga. Sunan wani mai bincike, P. J. Marshall, da ya bayyana su a 1980 aka laƙaba musu, amma ba shi ya fafe su ba, kuma ba wanda zai sha wannan wahala don nishaɗi. Abin da aka fi rinjaya a kai shi ne maɓoya ce ta mutanen da ke gudun mahara masu kamun bayi. A nan ne maganar “ƙasashen Bauchi” ke dawowa. Ganuwar da ta ba na cikin birni kwanciyar hankali, da ramin da na daji ya fafe don ya tsira da 'ya'yansa, duk tarihin ƙasa ɗaya ne, kuma bai kamata a nuna wa yaro ɗaya a ɓoye masa ɗaya ba. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey, sama da 130, waɗanda aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa, da matoyar tama ta Shau Shau, inda tukwanen narka ƙarfe wajen 60 suke tsaye har yanzu. Inda aka narka ƙarfe haka, akwai maƙera, akwai manoma masu sayen fartanya, akwai kasuwa. Duk sun watse, daji ya rufe bayansu.

Wanda yara suka matsa masa sai sun ga raƙumin dawa da jakin dawa, ya nufi gandun Sumu, can wajen Kafin Madaki, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Ana iya haɗa shi da ziyarar Babban Gwani a wuni guda.

Game da lokacin zuwa Yankari, rani ya fi, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi suka taru a bakin Gaji. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, da tsakar rana duk suna inuwa. A kuma kulle ƙofar ɗaki da gilashin mota a masaukin Wikki, domin gwaggon birin wurin sun san leda, sun san kula, kuma ba su jin kunyar baƙo.