Ginshiƙan Rumawa a Ƙofar Gidajenmu: Daga Ina Suka Zo?

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Azare, ko ya bi ta Yana, zai ga gidaje masu dogayen fararen ginshiƙai a bakin ƙofa, da wani gini mai kusurwa uku a bisansu. Mu dai sunansa a wurinmu ginin zamani. Amma salon ya girmi kakannin kakanninmu.

Asalinsa ginin mutanen Girka da Rum ne na kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekarar 1738 aka fara tono garin Hakulaniyam a Italiya, a 1748 kuma garin Pompei, waɗanda dutse mai aman wuta ya binne tun shekara ta 79 Miladiyya. Da Turawa suka ga aikin magabatansu, sai suka fara ƙyamar ginin zamaninsu mai yawan ƙyale-ƙyale, suka koma kwaikwayon na da. Wannan komawar ita ake kira salon niyokilasik, wato tsohon salo da aka farfaɗo.

Kalmomin da ake siffanta shi da su ba su da yawa. Akwai daidaito: idan ka tsaga ginin biyu, dama da hagu su zama tagwaye. Akwai sauƙi, wato rage ado. Akwai ma'auni, domin tsawon ginshiƙi yana tafiya ne da kaurinsa. Sai kwarjini, shi ya sa gwamnatoci suka so shi wajen gina kotuna da majalisu. Ginshiƙan ma iri uku suka fi shahara: Dorik mai kai lami, Ayonik mai kai kamar ƙahon rago, da Korintiyan mai ganyaye. Fadar White House ta Amurka, da aka aza tubalinta a 1792, da wannan salo aka yi ta. A Nijeriya kuwa Turawan mulkin mallaka sun bar misalinsa a zauren Mapo na Ibadan, wanda aka buɗe a 1929.

To, mu a lokacin muna ina? A 1823 aka soma ginin gidan tarihi na British Museum a Landan da ginshiƙan Girka. A farkon 1824 Baturen nan Kilafaton ya iso Katagum, garin da Malam Zaki ya kafa, ya kuma yaba ƙarfin ganuwarta a labarin tafiyarsa. Ba da jimawa ba, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara. A nan Jihar Bauchi ma akwai aikin da ake jingina masa: soron gidan Madaki a Kafin Madaki, wanda yau yake cikin kayan tarihi na ƙasa.

Wanda ya shiga irin waɗannan soraye zai tarar da daidaito da ma'auni da kwarjinin nan duka, amma da harshenmu. Bakan gizo shi ke ɗauke da rufi ba tare da ƙarfe ba. Ɗaurin guga yana haɗa bakunan a tsakiyar soro. Zankwaye suna tsaye a kan katanga, indararo yana zubar da ruwan sama, makuba daga ɗorawa tana kare bango. Ga sanyi lokacin bazara, ga ɗumi lokacin hunturu.

Abin lura shi ne, Turawa ginin kakanninsu suka farfaɗo. Mu kuwa mun ɗauko nasu, muna rushe namu. Duk zauren da aka rushe yana tafiya da kalmominsa, duk tsohon maginin da ya rasu bai koyar ba yana tafiya da iliminsa. Yaranmu nawa ne yau za su iya nuna ɗaurin guga?

Ba a ce kowa ya bar siminti ba. Amma mai gina sabon gida zai iya barin zaure da zanko da bakan gizo a tsarinsa. Wanda kuma yake da tsohon soro a Shira, Katagum ko Azare, ya gyara shi kafin damina, ya ɗauki hotonsa, ya tambayi dattawa sunan kowane sashe ya rubuta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.