'Yan Bakan Damagaram da Dafin Kwankwani

Duk wanda ya tsaya ƙofar fada a Birnin Damagaram ranar hawan salla, dawaki zai gani: barade cikin lifidi da kwalkwali, dogarai da jajayen rawuna, 'yan bindiga suna tashin albarushi har hayaƙi ya rufe soro. Haka mu mutanen Damagaram muke son tuna kanmu, jikokin mahaya, masu igwar Sarki Tanimun. Amma rundunar da take fita daga wannan birni a ƙarni na 19, mafi yawanta a ƙasa take tafe, kuma cikin dakarun nan akwai ɗan baka da kwarinsa a kafaɗa, kowace kibiya bakinta baƙi ƙirin da dafi. Shi dai yau ba mai yi masa kirari a fada.

Ƙanen kakana maharbi ne, a wani ƙauye can wajen Mirriya, kuma na tarar da shi da sauran ƙarfinsa. Kwarinsa yana rataye a tsakar rufin ɗaki, inda hannun yaro ba ya kaiwa, wanda kuwa ya ɗauko turmi ya taka don ya leƙa, ranar zai san bulala. Kibiyar kanta ba ta da wani kwarjini: kyauro ne siriri mara nauyi, da ɗan ƙarfe mai kunnuwa da maƙeri ya ƙera, an ɗaure da jijiya. Duk ƙarfinta yana cikin abin da aka shafa a wuyan ƙarfen. Uwar dafin ita ce 'ya'yan kwankwani, wata itaciya mai yaɗo wadda ta fi yawa a kudu inda ruwa ya wadata, don haka sau da yawa sai an sayo ta. A daka, a dafa a bayan gari har ya yi kauri kamar maɗi, kowane gidan maharba kuma da abin da yake ƙarawa wanda ba ya gaya wa kowa sai ɗan da zai gaje shi. Ranar dahuwa ba a kusantar iyali, mace ba ta zuwa wurin, yaro ba ya zuwa. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1965 kan maharban zaki na yammacin Nijar ya ga irin wannan dahuwa da tsarkin da ke tare da ita, don su ma da 'ya'yan itaciyar suke aiki.

Zuciya dafin yake nema. In ya shiga jini sai ya matse ta, bugunta ya rikice, ta tsaya. Ta ciki kuwa ba ya ratsa jiki sosai, shi ya sa maharbi yake yanke naman da ke kewaye da raunin ya jefar, a ci saura lafiya. Likitocin Turai sun gano haka daga kibau na Afirka: a wajen 1885 wani likita a Edinburgh, Thomas Fraser, ya fitar da maganin ciwon zuciya daga dangin wannan itaciya, aka kuma daɗe ana ba marasa lafiya shi a asibitocinsu.

Me ya sa sai da dafi? A duba wanda ɗan baka yake fuskanta. Barde yana bisa doki, shi da dokin duk a naɗe cikin lifidin auduga, wani ma da sulke a ciki. Doki da kayansa dukiya ce ta sarakuna da bayin sarki da attajirai. Manomi abin da yake da shi icen baka ne da tsirkiya. Kibiyarsa in ba dafi, sai ta maƙale a lifidi, ko ta yi ɗan ƙwarzane, barde ya cire ta ya tako shi da doki. Da dafi kuwa ƙwarzanen ya isa, a ƙafar doki ko a wuyan hannun mahayi. Garuruwa da yawa da ba su da ganuwa ba su da dawaki sun rayu ne don mahaya sun san akwai 'yan baka a bayan shinge. Sarakunan ma ba su raina su ba. Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa maƙeransa suka zuba igwa suka haɗa albarushi a gida, har ya rasu a 1884 bai sallami 'yan baka ba. Bindigar wancan zamani kafin a ɗura ta sau ɗaya, ɗan baka ya saki kibau da dama.

Kada kuma a ɗauka kibiyar kullum tana hannun wanda aka zalunta. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna a Damagaram a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda rundunar sarki take fita hari garuruwan da ba su da nisa ta komo da bayi, mata da yara a gaba. Akwai 'yan baka cikin masu harin, akwai su cikin waɗanda aka kai wa harin. Mutuwar dafi kuma ba kyakkyawa ba ce, ƙanen kakan nan nawa ya ga ta dabba sau ba adadi, bai taɓa ba mu labarinta yana dariya ba.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne wurin malamai, domin littafin da alƙalan ƙasar nan suke hukunci da shi ya yi magana a kai har wuri biyu. Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Malikiyya na Masar a ƙarni na 14, a babin jihadi ya hana harbin abokan gaba da kibiya mai dafi. Masu sharhi suka ce abin da aka ruwaito daga Imamu Malik karhantawa ce, suka kawo dalili biyu: magabata ba su yi ba, sannan ana tsoron abokan gaba su tsince ta su maido wa Musulmi. Dalili na biyun nan na mutumin da ya san fagen fama ne, ba ya cewa komai game da jaruntaka ko ragwanci. Da wannan littafi a zaure, da kwari cike da dafi a fagen daga, haka ƙasar Hausa da Barno suka yi ƙarni na 19, masu tutar jihadi da abokan gabarsu baki ɗaya. Ni ban ga laifin malaman ba da suka kau da kai. Wanda ya ce wa dakaru su wanke kibansu alhali na gaba bai wanke nasa ba, ya aike su lahira ne kawai.

Wuri na biyu shi ne babin farauta, kuma shi ne ya shafi tukunyar gidanmu. In aka harbi dabba da makami mai dafi ta mutu kafin a cim mata, ba a ci, don ba a san ko ƙarfe ne ya kashe ta ko dafi ba. Limamin ƙauyen, wanda tsohon ya girme shi nesa, ya taɓa yi masa zancen wata barewa.

"Baba, wannan da ranta ka same ta?"

"Allah gafarta Malam, da ban same ta da rai ba, da kura ce za ta yi maka wannan tambaya."

Gaskiya ya faɗa. Maharbi Musulmi yana sakin kibiya da bismilla, sai ya zare wuƙa ya bi sawu da gudu, yana tsere da dafin da shi da kansa ya dafa, don ya yanka kafin zuciya ta tsaya.

Wannan mutum da ya yi shekaru yana dafa abin kashe rai, da za ka je masa da maganar a zuba wa wani a fura, da sai ya kore ka da sanda, gari kuma ya ji. A nan ne mutanen da can suka ja layinsu. Kibiya daga abokin gaba take fitowa, ka san shi ya san ka, kana da garkuwa, kana da layu, kana da makarin da kakarka ta ɗura maka. Ƙwarya kuwa hannun wanda ka yarda da shi ne yake miƙo ta. Mai sa guba a abinci, mai sammu, mai ɓata rijiya a ƙasar da rijiya ɗaya take shayar da gari da garke, waɗannan sun ci amana, kuma abin kunyar yana bin zuriyarsu har a wajen neman aure. Ko kisan da ya fi kowane shahara a tarihin birnin nan a kan amana ake gardamarsa. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa Olive, suna baƙin Sarki Amadu Kuran Daga, saboda fada tana zargin zai wuce ya haɗa kai da Rabe na Barno. Ba a yi aiki da ɗigon dafi ba. Har yau dattawa in sun zauna, wani ya ce baƙo ne aka kashe, wani ya ce ɗan leƙen asiri ne ya ga abin da ya nema, ba wanda ya damu da makamin.

Shekara ta zagayo, ramuwar ta taho daga yamma. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta gamu da kibau masu dafi a Lugu, garin Sarauniya, ranar 16 ga Afrilu 1899, ta rasa soja 4 a ƙidayarta. A watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da ita kuma ƙonannun ƙauyuka da gawarwaki ya riƙa bi har ya cim mata, aka harbe shi. Bayan sojojin sun kashe shugabannin nasu biyu a wajen Tasawa, ragowar ƙarƙashin Pallier ta karya rundunar Kuran Daga a Tirmini, ƙarshen watan Yuli, ta shiga Birni.

Cikin wannan mako, ranar 29 ga Yuli 1899, aka rufe taron ƙasashe 26 a birnin Hague na Holan, aka sa hannu kan dokokin yaƙi, ciki har da haramta guba da makami mai dafi. Dokar tsakanin waɗanda suka sa hannu kaɗai take aiki, ba ta san da Tirmini ba. A taron ne wakilin Ingila ya tsaya kai da fata cewa harsashin dum-dum, mai buɗewa cikin jiki ya yi kaca-kaca da nama, ana bukatarsa a kan mutane irinmu. Da kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh na Ingila a Burmi a 1903, sai ta zama shaidar rashin wayewarmu, alhali waɗanda bindiga mai ruwa ta zubar a wannan rana ɗaruruwa ne. Shekara 12 bayan haka, a Ypres, Turawan suka fara shaƙe junansu da iskar guba, Italiya kuma ta zuba wa Habasha ita daga jirgin sama a 1935 da 1936.

Ra'ayin mai sulke yana da tsawon rai. Jikana da ke karatu a Yamai ya nuna mini wani wasan tebur na Amurka, Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, inda kowane ɗan wasa yake zama jarumi ko boka ko ɓarawo cikin tatsuniyar da suke ƙagawa tare. A littafin dokokinsa na 1978 an hana jarumin kirki mai doki da sulke taɓa dafi, an bar wa makashin haya. Ya ce 'yan wasan har yau suna musu: don me sara da takobi zai zama halin kirki, shafa dafi ya zama mugunta? Na ce masa ya duba wa ke da sulken a cikin wasan, sannan ya tambayi abokansa ko a bakin kibiya za a sa dafin ko a ƙwaryar baƙo, don tsohonmu da bai taɓa ganin teburin ba ya raba waɗannan biyu tun tuni.

Maharban da suka rage a ƙasar Damagaram yawancinsu sun koma bindigar maƙera, namun dajin ma sun ƙare, waɗanda suka iya dahuwar kwankwani kuma tsofaffi ne 'yan kaɗan. Dafi dai bai yi wuya ba. Da can sai ka yi shekaru kana ɗaukar wa maharbi gora kafin ya nuna maka bakin tukunya, sarkin baka kuma ya san kowane gida da ake dafawa. Yanzu a Kasuwar Dole maganin ɓera da fiya-fiya suna shimfiɗe a tabarma kusa da ashana da batir, yaro ya miƙa 'yan canjinsa a ƙulla masa a leda, ba mai tambayarsa ɗan gidan wa ne.