Jirgin Ƙyalle da Ya Zama Idon Igwa

Ɗan igwa ba kasafai yake ganin abin da yake harbi ba. Igwar da sojan Amurka suka fi dogara da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, mai bakin milimita 105, tana cilla harsashi kimanin kilomita 11, ya je ya faɗa bayan tudu ko bayan kurmi inda idon mai harbin bai kai ba. Tilas sai an sami wani a wuri mai bisa da zai ga inda harsashin ya sauka, ya aiko da labari: ya wuce, ko bai kai ba, a karkata dama, a karkata hagu. Neman wannan wuri mai bisa shi ne mafarin jiragen leƙe.

Faransawa ne suka fara ɗaga mutum sama don wannan aiki, cikin kwandon balan-balan da aka ɗaure da igiya, a yaƙin Fleurus na 1794. Jirgi mai inji kuwa a nan Afirka ya fara leƙen abokan gaba. Ranar 23 ga Oktoba, 1911, wani hafsan Italiya, Kyaftin Carlo Piazza, ya tashi daga gefen Tarabulus ya yi shawagi bisa sansanin Turkawa, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Shekara uku bayan haka, a Satumbar 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, matuƙan Faransa da na Ingila suka hango rundunar Jamus ta sauya alƙibla a kusa da Paris, labarinsu ya taimaka aka tare ta a kogin Marne.

Bayan wancan yaƙi sai jiragen leƙe suka yi ta ƙiba. Kowane sabo ya fi na baya girma da gudu. O-47 na Amurka mutum uku yake ɗauka, nauyinsa da kaya ya haura tan 3, kuma ba ya sauka sai a filin jirgi na sosai, can nesa da bakin daga. Ga shi ba a hannun 'yan igwa yake ba, na sojan sama ne. Kafin buƙata ta hau sama ta bi ofis-ofis, jirgi ya taso, ayarin da ake son a harba ya daɗe da wucewa. Jamusawa sun riga kowa gane bakin zaren. A 1936 suka tashi Fieseler Storch, mai dogayen ƙafafu, wanda yake iya rage gudu zuwa wajen kilomita 50 a awa bai faɗo ba. Da shi kwamandan Jamus Rommel yake zagaya dakarunsa a hamadar Libiya, da shi kuma aka ɗauko hamɓararren shugaban Italiya Mussolini daga kan dutsen Gran Sasso ranar 12 ga Satumba, 1943.

A Amurka ba hukumar soja ce ta kawo maganin ba, 'yan kasuwa ne. A atisayen 1941 a jihohin Tennessee da Texas da Louisiana, kamfanonin Piper da Aeronca da Taylorcraft suka ba da aron ƙananan jiragensu na koyon tuƙi, haɗe da matuƙa fararen hula. Manyan jiragen soja suna ta fasa ƙafa a ƙasa mai gargada, waɗannan kuwa suna sauka a kan hanya da gona da makiyaya, su sha man mota su sake tashi. Manjo Janar Innis Swift ya ga yadda ɗaya yake tsalle-tsalle wajen sauka, ya kira shi fara, sunan ya bi su har ƙarshen yaƙi. Ranar 6 ga Yuni, 1942, aka ba da umarni kowace bataliyar igwa ta mallaki jirage biyu nata na kanta, da matuƙa daga cikin mutanenta, aka buɗe musu makaranta a Fort Sill.

Wanda ya fi yawa cikinsu shi ne Piper L-4, an ƙera fiye da 5,000. Ya kamata a dube shi da kyau, domin wanda ya ji an ce jirgin yaƙi ba wannan zai kawo a ransa ba. Gangar jikinsa siraran bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, ƙashin fukafukinsa katako ne, sannan aka lulluɓe duka da ƙyallen auduga, aka shafa masa wani ruwan magani da ke sa shi ya ɗame kamar fatar ganga. Injinsa ƙarfin doki 65 ne, gudunsa na yau da kullum wajen kilomita 120 a awa. Ba shi da makullin tayarwa. Sai mutum ya tsaya gabansa ya murɗa farfela da hannu, ya yi maza ya ja da baya. Ma'aunin mai kuwa toshiya ce mai yawo a cikin tanki, da 'yar waya a jikinta da ta leƙo ta murfin tankin a gaban gilashi: in wayar ta nutse, mai ya ƙare. Mutum biyu yake ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. Babu sulke, babu bindiga. Abin da soja suka ƙara masa kawai shi ne tagogi har baya da sama, da oba-oba.

Fitarsa ta farko ba ta yi kyau ba. A Nuwambar 1942, lokacin saukar Amurkawa a Maroko, uku suka tashi daga kan jirgin ruwan Ranger suka nufi gaɓa. Ba a sanar da sauran jiragen ruwa ba, sai nasu suka buɗe musu wuta. Aka harbo jagoransu, Kyaftin Ford Allcorn, ya tsira da raunuka. Amma kafin a gama da Tunisiya da Sisili kowa ya ga amfaninsu. Matuƙi zai tashi daga gonar da ke bayan igwogi, ya yi ta kai da kawowa a gefen nasu, ya sa a harba ɗaya, ya ga inda ƙura ta tashi, ya gyara, a sake. Harbi biyu ko uku an daidaita, daga nan igwa 12 na bataliyar su saki wuta a wuri guda. Sojan Jamus sun gane cewa wanda ya harbi ɗan jirgin ya nuna maɓoyarsa, saboda haka sau da yawa ganinsa a sama kaɗai yakan sa igwoginsu su yi tsit. A ganina, in aka auna da kuɗin da aka kashe wajen ƙera shi, da wuya a sami jirgin da ya kai shi aiki a wannan yaƙi.

Akwai waɗanda leƙe kaɗai bai ishe su ba. Manjo Charles Carpenter, malamin tarihi ne a makarantar sakandare a jihar Illinois kafin yaƙi, ya ɗaura bindigogin roka shida na harbin tanka a sandunan da ke tallafe da fukafukin jirginsa, ya riƙa faɗa wa tankokin Jamus da su a Faransa, musamman a gumurzun Arracourt a Satumbar 1944.

Inda labarin ya shafe mu kai tsaye shi ne Bama, wadda yau ake kira Myanmar. A 1943 Birgediya Orde Wingate na sojan Ingila ya kutsa da dakarunsa bayan layin Japanawa da ƙafa da alfadarai, kuma abin da ya fi ci wa sojojin rai shi ne wanda ya ji mummunan rauni sai dai a bar shi a wani ƙauye a wuce. Da za a koma a Maris ɗin 1944, Amurka ta ba shi rundunar sama ta musamman ƙarƙashin Philip Cochran da John Alison, cikinta akwai ƙananan jirage wajen ɗari, Stinson L-5 da L-1. L-5 yayan L-4 ne a ƙarfi, injinsa doki 185. Cikin dakarun da aka sauke a dajin a wannan karo akwai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya, rundunar da Hausa ce harshen aikinta. Su da sauran abokan yaƙinsu suke sare daji da adda su share ɗan fili, jirgi ya sauko tsakanin itatuwa ya ɗauki mai rauni ko wanda zazzaɓi ya kayar, ya kai shi inda babban jirgin Dakota zai wuce da shi asibiti a Indiya. Akwai gidaje a ƙasar Hausa da kakansu ya dawo daga Bama da ransa ta wannan hanya.

Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjon jiragen da araha. Da yawa ba a ma ɗauko su daga Turai ba, ƙungiyoyin koyon tuƙi suka saye. Soja suka koma ga Cessna Bird Dog mai jikin ƙarfe, wanda ya yi Koriya da Biyetnam, daga bisani jirage masu saukar ungulu suka karɓi aikin, yau kuma marasa matuƙi ne suke yinsa.

Sauƙin ƙirar nan da aka raina shi ne ya sa ake iya raya su. Mai gyara yakan fara da yage tsohon ƙyalle gaba ɗaya, ya bar ƙwarangwal tsirara. Sai ya bi bututun ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya fi mai da hankali ga na ƙasa wajen wutsiya, domin nan ruwa yake taruwa, tsatsa ta ci su daga ciki alhali waje lafiya lau. Wanda ya ruɓe a yanke a yi waldar sabo. Katakon fukafuki a duba tsagewa da inda gam ya saki. Yanzu ba a cika sa auduga ba, ƙyallen roba ake shimfiɗawa a bi shi da dutsen guga har ya ɗame, sannan a ɗinke shi a jikin kowane haƙarƙarin fukafuki da doguwar allura, ƙulli bayan ƙulli, da hannu. Aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru, kuma yawancin masu yinsa ba riba suke nema ba. Wahalar da ta fi ita ce tabbatar da asalin jirgin: lambar da ke jikin ƙarfensa a gwada ta da takardun soja, a san rundunar da ya yi wa aiki, kada a shafa masa fentin da ba nasa ba. Ina tare da masu tsananta wannan. Jirgin da aka yi wa ado da tarihin wani ya zama shaidar zur.

Ta bin lamba aka gano jirgin Carpenter. Bayan yaƙi ya faɗa hannun fararen hula, ya yi shekaru yana jan jirage marasa inji a Ostiriya, ya ƙare a wani gidan tarihin jirage a Graz. A 2017 aka tabbatar shi ne mai lamba 43-30426. Gidauniyar Collings ta saye shi ta mayar da shi Amurka, aka gama gyaransa a 2020, yanzu yana gidan tarihinta a Hudson, jihar Massachusetts. Shi Carpenter ya rasu tun 1966.

Su can sun bi lambar ƙarfe sun gano jirginsu. Mu ma mazan jiyanmu suna da lambar soja, kuma ita ce mabuɗin neman labarinsu. Duk wanda yake da takardar sallama ko lambar yabo ko hoton kakansa da ya je Bama, ya ciro su daga ƙasan akwati ya ɗauki hotonsu, ya zauna da tsofaffin gida ya rubuta abin da suka ji daga bakinsa tun suna raye.