Tambarin Haɗeja: Ganuwa da Kogi

Duk sanda aka ce za a zana wa wani tsohon birni na ƙasar Hausa tambarin jawo baƙi, hannun mai zane sai ya tafi kan dagin Arewa, ko doki da mahayi cikin kayan hawan salla. Ban raina su ba, amma Kano na da su, Zariya da Katsina ma haka. Baƙon da ya gan su bai san inda aka kira shi ba.

Ni mutumin Malam Madori ne, kuma Garun Gabas a ƙaramar hukumarmu take. A can ne, inji labarin Bayajida, ya bar matarsa 'yar Sarkin Barno da ciki ta haifi Biram, wanda garinsa ya shiga lissafin Hausa Bakwai. Garinmu kuwa jirgin ƙasa ne ya raya shi, bayan layin dogo daga Kano ya kai Nguru wajajen 1930, gyaɗa ta cika tasha. Na so ƙwarai a ce jirgin nan ya shiga tambarin Haɗeja, to amma tambari ba ya ɗaukar kaya da yawa.

Ganuwar Haɗeja zan fara sawa. Daga cikinta Sarki Buhari ya ƙi bin umarnin Sakkwato, ya riƙe Haɗeja da ƙarfin dawakinsa har ya rasu a fagen yaƙi a 1863. A watan Afrilu na 1906 rundunar Turawa ta iso daga Kano. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza har cikin gari, ya faɗi tare da jarumawansa masu yawa. Shi ya sa har yau ba a ambatonsa sai an ce Mai Shahada. Garin da ke da wannan tarihi ba ya bukatar aron alamar kowa.

Ƙarƙashin ganuwar sai kogi, da kifi guda. Ambaliyar kogin Haɗeja ce ke jiƙa fadamun shinkafa, ita ke cika komar masunta, ita ke kawo tsuntsayen Turai zuwa fadamar Baturiya lokacin hunturu. Bandar kifin kasuwar Haɗeja ta kai garuruwan da ba su taɓa jin sunan Sarki Buhari ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 tafiyar ruwan ta sauya, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, kuma abin na ci mini rai. Idan kogi na kan tambari, hukuma za ta ji nauyin barinsa ya mutu.

Ina roƙon masarauta da gwamnatin Jigawa, duk ranar da za a yi wannan zane, a fara zama da masunta da dattawan Garun Gabas kafin a kira mai kwamfuta.