Yadda A Ke Tace Tsohuwar Waƙa: Misalin Waƙar Bagauda

Tsohuwar waƙa kamar hatsi ta ke, ba a kai ta rumbu sai an sheƙe. Rumbun nan kuwa shi ne kundin ilmi, watau babban littafin da a ke tara bayanin kowane abu a ciki, domin mai neman sani ya buɗa ya duba. Abin da ya shiga can jama'a sukan ɗauke shi gaskiya, saboda haka kuskure ɗaya yana iya ɓad da mutum dubu. Bari mu ɗauki Waƙar Bagauda misali, mu ga irin tatar da masana suka yi mata.

Waƙar nan ta Kano ce. Tana jera sunayen sarakunan Kano tun daga Bagauda, sa'an nan ta juya ga wa'azi, tana tuna wa mai mulki cewa duniya ba ta tabbata. Ta daɗe a bakin mutane da cikin takardun ajami kafin wani Bature mai suna Mervyn Hiskett, wanda ya yi koyarwa a Kano, ya buga ta da fassarar Turanci a mujallar wata makarantar Landan, kashi uku, cikin 1964 da 1965.

To, mai son rubuta bayaninta a kundi aiki biyu ke gabansa. Na fari shi ne ya miƙa abin da ya rubuta ga 'yan'uwansa masana su bi shi da ido, gama ido ba ya ganin kansa. Tambayar da za su fara yi masa ita ce: ina shaidarka? Ga dalili. Akwai wani littafi na Larabci da a ke kira Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, aka kuma juya shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Littafin nan da waƙar ba su faɗi abu ɗaya ba. Tarihin ya ce Bagauda ya tarad da mutane zaune a gindin Dala suna da shugabanninsu, waƙar kuwa ta nuna shi ne ya fara saran dajin Kano. Jerin sarakunan ma ba daidai ya ke ba a wurare da dama. Mai bita na ƙwarai ba ya yarda a zaɓi ɗaya a binne ɗaya. Sai a kawo duka biyu, a ce waƙa ta ce kaza, Tarihi ya ce kaza.

Haka kuma batun shekara. Sau da yawa a kan rubuta cewa Bagauda ya hau sarauta a 999. Amma Tarihin Kano yawan shekarun kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya yi lissafi da baya har ya kai ga wannan adadi. Ashe wajibi ne a ce lissafin Palmer ne. Bayan haka Murray Last a 1980, da John Hunwick a 1994, sun sake duba littafin, bincike ya karkata ga cewa an tsara shi ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kun ga ke nan masani yana gyara masani, ba kuwa raini ba ne.

Aiki na biyu shi ne gyaran rubutu, wanda mutane kan ɗauka ƙarami. Mai juya ajami zuwa boko yana cikin hatsari, gama marubutan ajami da yawa ba su bambanta b da ɓ ba, ko o da u. Boko kuma ba ya nuna jan wasali, har gari na mazauna da gari na tuwo su zama kalma ɗaya a ido. A waƙa kuwa jan wasali shi ke riƙe da kari. Saboda haka mai gyara yakan karanta baiti a bayyane, in ya ji ya yi ɗingishi, sai ya koma ga takardar asali. Amma ba shi da ikon canja tsohuwar kalma don bai san ta ba. Abin da ya kamace shi shi ne ya bar ta yadda ya same ta, ya yi bayani a gefe.

Ku da kuka koyi karatu da girmanku, wannan al'amari ya shafe ku. In kun ga magana a littafi, ku tambaya wa ya faɗa, wa kuma ya duba. In akwai tsohuwar waƙa a gidanku, ku rubuta ta yadda tsofaffi ke rera ta, ku sa sunan garin da shekarar, sa'an nan ku karanta wa wanda ya fi ku saninta ya gyara. Ta haka jikokinmu za su gaji tsaba, ba ƙaiƙayi ba.